Bin Sawun Dalma: Daga Injin Niƙa Zuwa Kududdufi

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, suna cikin zagayen da suka saba yi duk bazara a Zamfara domin sa ido kan sanƙarau. Lokacin zafi da ƙura ne cutar ta fi ɓarna a ƙasashen bakin Sahara, don haka da labari ya zo cewa yara na mutuwa a wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, hankalin kowa sai ya tafi can. Alamomin ma sun yi kama. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki da kasala, sai jijjiga ta kama shi, sai ya suma, daga nan sai dai a ce Allah ya jiƙan rai. A 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, ƙananan kaburbura sun yi yawan da maƙabartun ba su taɓa gani ba.

An ba yaran maganin sanƙarau, bai yi aiki ba. An ba su na zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan kawo jijjiga, nan ma shiru. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne yadda cutar ke zaɓe. Sanƙarau idan ya shiga gari yakan kama yaro da saurayi da magidanci, ya bi cunkoson ɗaki da numfashi. Wannan kuwa ta tsallake manya ta dira kan 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman masu rarrafe da waɗanda ba su daɗe da fara tafiya ba. Uwa na jinyar ɗanta dare da rana ba ta kamu ba, amma ƙanensa ya bi shi. Cuta mai yaɗuwa ba ta yin haka. Akwai kuma wani abu da mutanen yankin suka tuna daga baya: tun farkon shekarar agwagi suka fara ƙaranci a garuruwan. A lokacin ba wanda ya haɗa mutuwar agwagwa da ta ɗan Adam.

Abin da jini ya faɗa

Likitocin sun lura da wani abu da ba ya cikin littafin sanƙarau. Ƙauyukan da abin ya fi tsanani duk suna da sana'a ɗaya, wato fasa dutse da niƙa shi don neman zinare. Ƙarar injin niƙa ba ta yankewa, ƙura kuma ta lulluɓe komai. Sai aka ɗebi jinin wasu yara takwas marasa lafiya aka aika wani ɗakin gwaji a Jamus. Sakamakon da ya dawo ya sauya alƙiblar binciken gaba ɗaya: dalma ce. Ana auna ta da maikirogiram a kowace desilita ta jini. A wancan lokacin, 10 ita ce iyakar da ake fara damuwa da ita, 45 kuma ita ce matakin da ake fara ba yaro maganin fitar da guba. Yaran nan takwas babu wanda bai haura 160 ba.

A watan Mayu Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa tawaga da ta ƙunshi Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'an jihar Zamfara. Suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, gidaje 119. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar da ke zaune a gidajen, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. An gwada jinin yara 204 da ke raye, kuma dukkansu gubar ta kama su, 198 daga ciki sun kai matakin buƙatar magani. Na'urar gwajin da aka zo da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, sai ta riƙa nuna cewa ya fi ƙarfinta, har aka koma tsinka jinin kafin a auna.

Wannan ya amsa tambayar zaɓen da cutar ke yi. Ƙaramin yaro yana wuni a ƙasa, hannunsa daga turɓaya sai baki. Hanjinsa kuma yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, domin jiki mai girma yana neman sinadarin gina ƙashi, dalma kuwa takan yi shigar burtu ta bi wannan hanyar. Idan ta yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, jijjiga ta biyo baya. Wanda ya tsira ma ba lalle ne ya tsira kalau ba, don an samu yaran da suka makance, da waɗanda suka shanye, da waɗanda fahimtarsu ta ragu har abada.

Me ya sa sai yanzu?

Sanin sunan gubar bai rufe magana ba, domin neman zinare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Tun zamanin Turawa ake wanke yashi a rafukan yankin ana tsintar ɗan abin da ya samu, ba a taɓa jin ya kashe yara haka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sauya?

Abu na farko farashi ne. A farkon 2005 ozar zinare ba ta kai dala 500 ba a kasuwar duniya. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 masu kuɗi suka ruga sayen zinare, zuwa 2010 ta haura dala 1,200. Manomin gero da dawa ya ga cewa buhun dutse na iya ba shi abin da gona ba ta bayarwa a shekara. Aikin ya tashi daga wankin yashi a bakin rafi ya koma haƙa rami mai zurfi ana bin jijiyar dutse.

Abu na biyu shi ne irin dutsen. A wasu ramukan, jijiyar da ke ɗauke da zinare tana tare da ma'adinin dalma mai ƙyalli, irin wanda ake daka tozalin gargajiya da shi. Masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka nazarci samfurin sun gano wani ƙarin sharri: ruwa da iska na dubban shekaru sun riga sun rikiɗa wani ɓangare na ma'adinin zuwa nau'in da ruwan ciki ke narkarwa cikin sauƙi. Dalmar da ta shiga cikin yaro ba ta fita yadda ta shiga, jini take wucewa.

Abu na uku shi ne wurin aikin. Don gudun sata da neman hannun taimako, sai aka riƙa ɗauko buhunan dutse a babur ana kawowa cikin gari. Maza su farfasa da guduma, mata a cikin gida su daka a turmin da ake daka hatsi, a kai wa injin niƙan gari ya mayar da shi laushi kamar fulawa. Daga nan a wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinaren, a ƙona ta tashi ta bar shi. Binciken ya nuna ana wannan aiki a cikin kashi biyu bisa uku na gidajen da aka shiga. Da ƙwararrun kamfanin TerraGraphics na jihar Aidaho, waɗanda suka ƙware a share gurɓatar dalma a yankin ma'adinai na Bunker Hill, suka iso tare da cibiyar Blacksmith da na'urar hannu mai haska ƙasa ta faɗi abin da ke ciki, sun tarar da wuraren da dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan. Ma'ana, kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da yara ke wasa a kai dalma ce. Iyakar da Amurka ta amince da ita a filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Gidajen da ba a taɓa daka dutse ba

A nan ne alƙaluman suka bar wata ƙofa a buɗe. Idan kashi biyu bisa uku na gidaje ne ke aikin dutse, to kashi ɗaya ba ya yi. Amma duk yaran da aka gwada suna da gubar, har da 'ya'yan waɗanda ba su taɓa shigar da dutse gida ba. Ta ina ta same su?

Iska ta ɗauki wani kaso na laifin, domin ƙurar injin ba ta san katanga ba, kuma mai aiki yakan koma gida da ita a riga da gashi. Sai dai da masu binciken CDC suka tace abubuwan da suka fi alaƙa da mutuwar yaro, abubuwa huɗu suka fito: ƙarancin shekaru, kasancewar uwa tana aikin dutse, yawan dalma a ƙasar gidan, da kuma shan ruwan rijiyar gari. Ukun farko an fahimce su. Na huɗun ne ya tayar da hankali, domin idan dalma ta shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa, to ba ƙauye biyu ko takwas ake magana ba, ƙasa guda ce, kuma babu shebur ɗin da zai kwashe ta.

Ana cikin haka damina ta kawo jiki. An yi rige-rige da ita aka share Dareta da 'Yargalma a watannin Yuni da Yuli na 2010, domin likitoci sun ce ba amfanin a wanke jinin yaro a asibitin Anka ko Bukkuyum a mayar da shi gidan da ya ɗauko gubar. Sauran ƙauyukan, irin su Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza da Bagega, ruwa ya same su da tsibin garin dutse a fili, hanyoyi kuma suka yanke.

A watannin Satumba da Oktoba, wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta haɗin gwiwar hukumar muhalli ta UNEP da ofishin agaji na OCHA, ta iso da ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka daga ƙasar Holan don ta amsa tambayar ruwa. Suka auna rijiyoyi da kududdufai da rafuka. Wasu rijiyoyin sun wuce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato maikirogiram 10 a lita. A ruwan da ke kwance a sarari kuwa an samu inda ya haura 1,000 a lita, ninki goma na abin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta ce ya dace ko dabba ta sha. Amma yadda gurɓatar ta rarrabu shi ne ya tona asirin. Da ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya lalace, da rijiyoyin gari ɗaya duk sun yi kusan daidai. Ba haka aka gani ba: wata ta gurɓace, wata a garin lafiya lau, kuma ɓarnar ta taru ne a kusa da inda aka yi aikin dutse. Tawagar ta kammala da cewa dalmar ba ta bazu a ƙarƙashin ƙasa ba. Ta sama take shiga, ta hanyar ƙurar da ke sauka da kuma ƙasar da ruwan sama ke kwasowa daga wuraren aikin.

Hanyar da ruwa ke bi

Wanda ya san ƙauyen Hausa zai iya zana taswirar da kansa. Ruwan farko idan ya sauka a ƙasar da ta sha rana wata bakwai, ba ya nutsewa nan take, malala yake yi. Ya wanke tsakar gida ya fita ta rariya, ya haɗu da na maƙwabta a lungu, ya bi gangare. Garin dutsen da injin ya niƙa ya fi yashi laushi, saboda haka shi ne farkon abin da ruwa ke ɗauka kuma shi ne ƙarshen abin da yake ajiyewa. Duk rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa, ba dabe ba murfi, za ta sami rabonta. Ko wadda ke da ɗan gini, igiyar guga da ake yarwa a laka tana kai mata. Gidan da ke gangare kuma yana karɓar abin da aka zubar a gidan da ke tudu, ko da mai shi bai taɓa ganin zinare ba.

Ƙarshen tafiyar shi ne kududdufi. Ramin nan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, shi ne wuri mafi ƙasa a gari, kuma nan ne masu wankin dutse suka fi samun ruwa a kusa, don haka ya sha guba ta fuska biyu: wadda aka zuba masa kai tsaye da wadda malale ya kawo. A nan agwagi ke tsamo abinci daga laka, a nan shanu da awaki ke sha, a nan yara ke wanka. Dalma kuma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ba ta tsufa. Idan rani ya yi ruwan ya janye, lakar ta bushe ta zama ƙura, iskar hunturu ta mayar da ita cikin gari. Ko kuwa magini ya zo ya ɗebi ƙasar ya buga tubali, ya yi yaɓe, gubar ta koma bangon ɗakin da jariri ke kwana. Masu aikin sharewa sun tarar da tubalan da aka yi da gurɓatacciyar ƙasa, kuma a Bagega sai da aka haɗa da tafkin garin da tsohon filin niƙa da ke gefensa a cikin aikin.

Da wannan aka gane cewa ƙura da ruwa ba matsala biyu ba ce. Abu ɗaya ne ke zagayawa, rani ya miƙa wa damina, damina ta mayar wa rani.

Maganin ya bi wannan fahimtar. Aka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur a gidaje da lunguna, aka kwashe lakar kududdufai, aka binne a ramuka na musamman nesa da gari, aka shimfiɗa ƙasa mai tsabta. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira har 2013. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012, amma kuɗin bai fito ba sai da MSF da Human Rights Watch da matasan Follow The Money, ƙarƙashin Hamzat Lawal, suka matsa lamba, shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarni a farkon 2013. A ƙauyuka takwas an kwashe ƙasa da sharar dutse fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820, yawanci da hannu. Matsakaicin dalmar jinin yaran da ake karɓa don magani ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu. Kafin a kai nan, yara fiye da 400 sun riga mu gidan gaskiya.

Dokar tana hannun wa?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi ɗaci: ashe babu doka ne? Akwai. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta hana gurɓata ruwa, ta kuma tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. A shekarar ce aka kafa hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idojin haƙa da sarrafa ma'adinai a 2009, shekara ɗaya kafin annobar. Matsalar ita ce an rubuta su ne da kamfani a zuciya, mai lasisi da ofis da injiniya. Mai injin niƙa a bayan gidan mai unguwa ba ya cikin rajistar kowa. Ga kuma tsarin mulkin 1999 da ya sa ma'adinai a hannun Tarayya kaɗai, abin da ya sa ƙaramar hukuma ke ganin ba huruminta ba ne.

Amma abin da ya fara tsayar da ɓarnar a 2010 ba daga Abuja ya zo ba. Masarautu da ƙananan hukumomi ne suka ba da umarnin a fitar da aikin dutse daga cikin gari, uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni suka bi suka tabbatar. Umarnin ya yi tasiri domin wanda ya ba da shi ya san kowane gida, kuma bai ce a daina sana'ar ba, cewa ya yi a sauya mata wuri. Wannan bambancin yana da muhimmanci. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, ba ta ɗage ba sai Disamban 2024. Sana'ar da aka haramta ba ta cika mutuwa ba, ɓuya take yi, kuma babu maɓoya kamar cikin gida. Tun kafin haramcin ma an sake samun dalma a wasu gidajen da aka share, inda aikin ya dawo a asirce. A 2015 kuma irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa ruwan sama da ya ratsa wurin sana'a ba ruwan sama ba ne kawai. Amurka ta yi Dokar Tsabtar Ruwa a 1972 tana kallon bututun masana'antu, sai ta ga koguna ba su warke ba, domin abin da malale ke wankowa daga harabar masana'anta da garejin mota da wurin tara ƙarafa ba ya bi ta bututu. A 1987 ta gyara dokar ta shigar da shi. Yanzu masana'antu da dama sai sun rubuta tsarin da ke nuna inda ruwa ke shiga harabarsu, abin da yake taɓawa, da inda yake fita, birane kuma suna da dokokinsu da suka hana zuba komai a magudana in ba ruwan sama ba. Jigon abin bai buƙatar na'ura mai tsada: kada ruwa ya taɓa guba, idan ya taɓa kada ya fita.

Ƙaramar hukuma a Najeriya tana da hurumin yin irin wannan. Tsarin mulkin da ya hana ta mallakar zinare shi ne ya ba ta kula da magudanun ruwa da kwashe shara da kasuwanni da tasha da mahauta. Dokar filaye ta 1978 ta ba ta ikon raba filin karkara. Ba ta da ta cewa kan wanda zai haƙa rami, amma tana da ta cewa kan inda za a kafa inji da abin da zai shiga kwatar gari.

Abin da dokar gari za ta ƙunsa

Daga abin da binciken ya nuna, sharuɗɗan suna fitowa da kansu. Wurin niƙa da wanki ya kasance a wajen gari, kuma a gangaren da ruwansa ba ya komawa gidaje ko rijiya ko mashayar dabbobi. Nisa kaɗai bai isa ba, domin filin da ke kan tudu a saman gari ya fi wanda ke kusa amma a ƙasa haɗari. A ja kunya ko lambatu ta gefen tudu don ruwan da ke zuwa daga sama ya kewaye filin, kada ya ratsa shi. Ruwan wanki ya zuba a ramin da zai kwanta lakar ta zauna, a sake amfani da shi, a hana wanke dutse a kududdufi da rafi. Tsibin ragowar gari a rufe shi da tamfol ko a binne kafin ruwan farko. A ɗaga bakin kowace rijiya, a yi mata dabe da murfi da abin rataye guga. Kududdufin da aka taɓa wanke dutse a ciki a sa masa alama, kada a ɗebi ƙasarsa don gini sai an auna. Ma'aikaci ya yi wanka ya sauya kaya a wurin aiki, turmi da injin hatsi kuma kada su ga dutse.

Akwai wani tarko da ya kamata mai rubuta doka ya sani. Gwajin da MSF ta yi da ƙungiyar OK International a arewacin Najeriya ya nuna cewa fesa ruwa a kan injin yana rage dalmar da ke tashi a iska da kusan kashi 95 cikin 100. Nasara ce babba ga huhun ma'aikaci. Sai dai dalmar da ba ta tashi ba tana nan a cikin laka a gindin injin. Idan babu ramin tarewa, an ɗauke ta daga hannun iska ne an miƙa wa ruwa.

Kuma zancen bai tsaya kan zinare ba. A cikin garuruwan Anka da Bukkuyum da Gummi da ke yamma da su, kamar kowane gari, akwai bakanike da ke juye baƙin mai a ƙasa, da mai gyaran batir da ke fasa tsohon batir, wanda cikinsa dalma ce da ruwan asid, da mai wankin mota, da mahauta, da dillalin maganin feshi da ke ɗauraye jarka a bakin kwata. Kano ta ga inda wannan ke kaiwa a kogin Jakara da na Challawa, waɗanda suka daɗe suna shan dagwalon masana'antu da majemu. Gummi kuwa tana da dalili na musamman na damuwa da abin da ake yi a gabas da ita, domin gulbin Zamfara ta ƙasar Anka da Bukkuyum yake biyowa kafin ya iso ta, ya wuce Kebbi. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agusta na 2024 ta nuna cewa akwai shekarar da ruwa ba ya tsayawa a hanyar da ya saba. Duk abin da aka tara a fili a irin wannan shekara, na kowa ne. Saboda haka dokar da ƙaramar hukuma ɗaya ta yi ita kaɗai rabin doka ce, sai Anka da Bukkuyum da Gummi sun daidaita sharuɗɗansu.

MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin Zamfara a 2022, an ɗage haramcin haƙa, farashin zinare kuma ya fi ninkin na 2010. Duk abubuwan da suka haɗu suka haifar da annobar suna nan, in ban da jahilcin musabbabinta. Abin da ya rage aiki ne mai lokaci: a watan Afrilu, kafin hadari ya haɗu, duba-gari da wakilin hakimi da shugaban ƙungiyar masu haƙa su zagaya kowane filin niƙa da gareji, su tsaya a inda ake zubar da shara su tambayi mai wurin inda ruwa ke bi idan ya sauka a nan. Wanda amsarsa ta ƙare a rijiya ko kududdufi ko gulbi, a ba shi wa'adin gyara, kuma kada injinsa ya tashi sai ya gyara.